Wuƙa da cokali mai yatsu: wanne hannu ke kai loma baki?

A dinar biki ko walimar yaye ɗalibai a Samaru da Kongo, wato harabobin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sai ka ga an ajiye wa baƙo shinkafa da cinyar kaza, cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama, shi kuwa yana ta satar kallon na kusa da shi. Tambayar da ke ransa ɗaya ce: da hagu ake so ya ci?

Salon iri biyu ne. A na Turai, irin na Ingila da Faransa, cokalin ba ya barin hagu. Yatsunsa na kallon ƙasa, a soke nama, a yanka da dama, hagun kuma ta kai baki. A na Amurka yankan duk ɗaya ne, sai dai da ka yanke loma ɗaya ko biyu, ka kwantar da wuƙar a saman gefen faranti, kaifinta na fuskantar ciki, ka mayar da cokalin hannun dama, yatsu sama, sannan ka ci. Wannan shi ya dace da mu, tunda Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da ci da dama. Kuma salo ne sananne, babu mai ce maka ba ka iya ba.

Inda aka fi samun matsala shi ne riƙo. Kada ka dunƙule hannu a kan cokalin kamar mai riƙe da muciya. Ƙotar ta kwanta cikin tafin hannu, manuniya ta miƙe a bayan wuyan cokalin. Haka ma wuƙar: manuniya a bayanta, daidai inda ƙota ta ƙare. Gwiwar hannu ta tsaya kusa da haƙarƙari, in ba haka ba maƙwabcinka zai sha zunguri.

Kazar Hausa tana da tauri, shi ya sa cinya ke zillewa ta watsa shinkafa a kan farar shadda. Dannawa da ƙarfi ke jawo haka. Soke tsokar kusa da ƙashi, ka riƙa goga wuƙar gaba da baya a hankali, ka nemi gaɓa ka raba ta nan. In cokalin na roba ne, ka haƙura da yanka, karyewa zai yi. Wuƙa kuwa ba ta shiga baki, ko da miya ta maƙale mata.

In za ka ɗan dakata ka sha ruwa, ka bar wuƙar da cokalin a ware cikin farantin. In ka ƙoshi, haɗa su wuri ɗaya, ƙotocin na nuni da wajen ƙarfe 4 na agogo. Da ma'aikacin otal ya ga haka zai ɗauke farantin, don haka kada ka haɗa su alhali da sauran nama.