Daren da na fita ƙirga gadaje da kaina

Shekarata shida a ɗakin kati na wani babban asibitin gwamnati, sai ran nan shugaban asibitin ya aiko a kira ni. Ya ce, "Malam, ana cewa gadajenmu ba sa cika, kuma da wannan hujjar ake neman a kwashe mana nas-nas a kai wani wuri. Ka sake duba mana lissafin nan." Ni nake haɗa rahoton wata-wata da muke turawa ta DHIS2, manhajar tattara bayanan kiwon lafiya, saboda haka in akwai kuskure, a hannuna ya bi.

Lissafin kansa ba wuya. Kowane dare ana ƙirga waɗanda suka kwana a gado, a tara na wata guda, a raba da yawan gadaje sau kwanakin watan. A takarda gadajenmu 120 ne, sau kwana 30 ya zama 3,600. A watan Satumba an rubuta mana kwana 2,230, wato kusan kashi 62 cikin 100. Duk wanda ya ga wannan daga ofis zai ce muna da sarari.

Sai na ce bari in gani da idona. Ƙarfe goma sha biyun dare na ɗauki littafi da fitilar waya na bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. A ɗakin maza na tarar da gadaje an jingine su a baranda, wasu ba katifa, wasu ƙafa ta karye an tokare da bulo. Akwai wani ɗaki da aka rufe tun da rufinsa ya fara yoyo, amma gadajensa suna nan a rajista. Da na gama, gadon da za a iya kwantar da mutum a kai 96 ne. Da wannan adadin lissafi ya koma kashi 77.

Ɗakin yara ne ya fi tsaya mini a rai. Lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, yara bibbiyu a gado, kai da ƙafa, kowanne da robar ƙarin ruwa ko ta jini a rataye, iyaye mata sun shimfiɗa tabarmi a ƙasa. Na tambayi nas ɗin da ke aikin dare me ya sa rajista ba ta nuna haka ba. Ta ce, "Malam, layi ɗaya fom ɗinku ya ba kowane gado. Na biyun a ina zan sa shi?" Wallahi na rasa amsa, domin ni nake raba fom ɗin kowane wata.

Daga nan na koma kan matsakaicin kwanakin da maras lafiya ke yi kafin sallama. Wannan adadin mun daɗe muna alfahari da shi, don a ɗakin tiyata, wato inda ake kwantar da waɗanda aka yi wa aiki, gajere ne, kuma an saba ɗauka cewa gajarta alamar aiki ce. Har na taɓa ɗora ɗakunanmu a kan zanen Pabón Lasso, wanda wani masani ɗan Kolombiya ya fito da shi a 1986, mai haɗa cikar gado da yawan waɗanda suka bi ta kowane gado da tsawon kwanciya, ɗakin tiyata ya faɗa ɓangaren masu ƙoƙari. Da na zauna na buɗe katunan ɗaya-ɗaya, sai ga da yawa ba likita ne ya sallame su ba, 'yan uwa ne suka sa hannu suka ɗauke su.

Na ga ɗaya daga cikinsu da rana tsaka. Dattijo ne da ɗansa mai karaya a cinya, yana naɗe tabarma yana tura kwanuka a buhu. Na ce, "Baba, ai ba a gama ba." Ya ce, "Ɗana, tumaki biyu na sayar, sun ƙare a magani da hoto. Wurin mai ɗori za mu." A rahotona yaron nan zai fito a matsayin wanda aka sallama cikin kwana huɗu, ya ƙara wa adadinmu kyau. Haka ma adadin mace-mace: wanda aka tura wani asibiti yana numfashi da ƙyar, ko aka tafi da shi gida, ba ya shiga namu ko da bai kai gari ba.

Na kai wa shugaban asibiti takarda biyu, lissafin da aka saba da wanda na ƙirgo. Mun sake fom ɗin dare, yanzu mutum ake ƙirgawa, ko a gado yake ko a tabarma. Sallama kuma mun raba ta gida huɗu: wanda likita ya sallama, wanda ya sa hannu ya tafi, wanda aka tura gaba, da wanda ya rasu. Ga waɗanda suka sa hannu na ƙara ɗan fili na rubuta dalili. A watan farko na karanta filin nan layi-layi, mafi yawansa kalma biyu ce da rubutun nas-nas daban-daban: ba kuɗi.