Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Motar da ke shan ruwa a ɓoye

A makon jiya mun tsaya a inda maigidana ya danƙa mini makullin Fijo 504, doguwar nan ta fasinja, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a da. Daga tashar Unguwa Uku ta Kano nake lodi zuwa Kaduna, kullum da daddare in kai balas, wato kuɗin mai mota na ranar.

A wata na huɗu ta fara shan ruwa. In cika lagireto da asuba, kafin Zariya ya yi ƙasa. In leƙa ƙarƙashinta, ƙasa a bushe ƙayau, ko ɗigo babu. Na ce zafin bazara ne, na sayi jarka na jefa a but. Da safe kuma in na tashe ta, sai injin ya riƙa kakkarwa kamar mai masassara, can ya daidaita, salansa na fitar da farin hayaƙi irin tururin tukunya. Na san shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, to fari fa? Ban tambayi kowa ba, don kwana ɗaya a gareji balas ɗin kwana ɗaya ne a wuyana.

Mako uku ina wannan yaudarar kai. Ranar wata Laraba, dab da Kwanar Ɗangora, allurar zafi ta haye ja, motar ta mutu da fasinja cike. Wani dattijon bakanike ya taso daga gindin bishiya daidai lokacin da na kai hannu kan murfin lagireto.

"Kai yaro, ka gaji da fuskarka ne? Bari ta huce."

Da ta huce ya buɗe, ya cika ruwa, ya ce in tayar. Sai ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, ɓul-ɓul, alhali ruwan ko ɗumi bai yi ba. Ya zaro gejin mai ya nuna mini: baƙin man ya koma kalar shayi mai madara. Ya kwance fulogi huɗun ya jera a kan tsumma, uku da baƙinsu, ɗaya fes kamar an wanke shi da sabulu.

"Baba, mene ne?"

"Gaskit ɗin sama ya ƙone, ɗana. Shi ne katanga tsakanin wuta da ruwa da mai. Ya fashe, ruwa na shiga wajen fistin yana fita ta salansa, iskar wuta kuma na shiga lagireto. Wannan fulogin tururi ne ya wanke shi. Tun yaushe take shan ruwa?"

Na ce jiya. Ya dube ni kawai.

Da aka sauke kan injin ya ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe, haske na wucewa ta ƙasa. Kan 504 na alminiyam ne, zafi ya lanƙwasa shi, dole a kai Kano a goge kafin a sa sabon gaskit, in ba haka ba sabon ma ƙonewa zai yi. Aikin kwana ɗaya ya zama na biyar.

Na mayar wa fasinjoji kuɗinsu daga aljihuna, na hau bayan motar tumatir zuwa Kano da kan inji a buhu. Ina isa na tarar da maigida zaune a ƙofar gida, labari ya riga ni. Yadda muka ƙare da shi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.