Wasiƙa daga Manchista: Waina da Miyar Kuka a Ƙasar Sanyi

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwanmu mata na gida. Da fatan kuna lafiya, ya yara, ya hidima?

Kun sha tambaya ko a nan ana samun cin tuwo kuwa. Ana ci, sai dai da dabara. A gida, ranar Asabar da safe yaro ake ba kwano ya je bakin layi wurin mai waina, kafin shayi ya tafasa ya dawo. A nan uwa ce mai waina, ita ce mai markaɗe, ita ce kuma za ta kai yara makaranta ta wuce aiki. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Shi ya sa yawancinmu girkin mako guda muke yi a ƙarshen mako.

Waina ita ce mai ba da wahala, kuma laifin sanyi ne. Ƙullun da zai tashi cikin awa huɗu ko biyar a Kano, a nan sai ya kwana yana kallonki. Ga yadda yake yiwuwa: a jiƙa kofi uku na gajeriyar farar shinkafa, irin wadda Turawa ke yin fatensu na madara da ita, tsawon awa shida zuwa takwas. Basmati ba ta da danƙo, wainarta bushewa take yi. A dafa wani rabin kofi ya yi luguf, a bar shi ya huce, sannan a haɗa a markaɗa da rabin albasa da ruwa kaɗan kaɗan, har ƙullun ya yi kaurin koko mai kauri. A zuba yis ƙaramin cokali biyu da sukari babban cokali biyu. Ruwan kwaɓa yis ya zama mai ɗumi wanda yatsa zai jure. In ya fi haka zafi, kashe yis ɗin yake yi, sai a yi ta jiran gawon shanu. A rufe roba a ajiye kusa da hita, ko cikin oban da aka ɗan ɗumama aka kashe. Gishiri kuwa sai ƙullun ya tashi sannan a zuba. In ya wuce lokaci ya yi tsami, ɗan ruwan kanwa cokali ɗaya yana gyara shi, amma in aka zarce sai wainar ta yi rawaya ta riƙa warin kanwa.

Tandar ƙasa ba ta zama kan murhun lantarki, gindinta ba ya taɓa wuta daidai. A shagunan Indiyawa akwai kasko mai ramuka da suke soya wata wainarsu ta shinkafa, shi muke amfani da shi. Ramukansa ƙanana ne, wainar sai ta fito kamar ta wasan yara, amma ɗanɗanon yana nan. Wuta matsakaiciya, in ta yi yawa waje ya ƙone ciki da ɗanyen ƙullu. Idan ta huce a jera a leda a sa a firiza, da safe a turara ta minti biyar.

Miyar kuka kuwa, ruwan miyar ake dafawa da yawa: nama, albasa, attaruhu, daddawa, citta. A raba a robobi a daskarar, ba tare da kuka ba. Ranar da za a ci, a tafasa lita ɗaya, a rage wuta sosai, a riƙa barbaɗa kuka babban cokali huɗu ko biyar ana kaɗawa da maburgi. Wadda ta juye ta gaba ɗaya za ta sha gudaji. Minti biyar ya isa, kuma kada a rufe tukunya, kumfa za ta yi ta zube.

Yanzu ga roƙonmu gare ku masu haɗa mana tsaraba. Don Allah ku daina sa kilishi da dambun nama da man shanu a jakar matafiyi. Dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ƙwacewa ake yi a filin jirgi, kuɗinku ya tafi a banza. Man shanu muna iya yi: a narka bota marar gishiri giram 250 a ƙaramar wuta kamar minti ashirin, a jefa yankan albasa, in kumfa ta kwanta a tace. Bai kai na Fulani ƙamshi ba, gaskiya, amma yana rufa asiri.

Abin da ba mu da madadinsa shi ne kuka mai kyau, koriya shar, wadda aka shanya a inuwa aka tankaɗe sau biyu saboda yashi. Sai busasshiyar kuɓewa, da yajin daddawa, da ita daddawar kanta. Ku tabbata ta bushe ƙarau kafin a ƙulle, domin danshin ƙasar nan yana sa ta fumfuna cikin 'yan makonni. A ninka leda uku a sa a roba mai murfi, in ba haka ba duk tufafin mai ɗauko saƙon sai sun yi wata guda suna warin kalwa.

A gaishe mana da kowa da kowa. Wassalam.