Sanda mai gwiwa

Wata biyar da saukata Yamai aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Kafin mu farga an rufe iyaka, Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar, ni kuma da na saba duk ƙarshen wata in bi ta Dosso da Ƙonni da Maraɗi in ga iyali a Kano, sai na tsinci kaina a ɗaki ɗaya da falo, fanka a tsaye, kayan gyaran motar da nake jira sun maƙale a Jibiya.

Ko kafin wannan ma ban gama sabawa ba. Hausa ake yi a kasuwar Wadata, amma sai da aka koya mini ƙirga kuɗi kamar ɗan yaye. Mai tumatir ta ce ashirin, na tsaya neman sefa 20, ashe dala take nufi, sefa 100 ke nan. Dubu kuwa jikka ce. Zabarmanci ban wuce "fofo" ba. Maƙwabta suna zaman fada a ƙofar gida da butar shayi, ni sai in ɗaga hannu daga nesa in wuce. Daga baya na ji sunan da suka sa mini: mai sauri.

Golf na san shi tun ina yaro, lokacin da nake ɗaukar wa manya jaka a filin golf na Kano. Da zama ya ishe ni sai na nemi filin da ke kan hanyar Tillaberi, a gefen kogi. Yashi ne da tsakuwa, har wurin ramin da ake jefa ƙwallo ma yashi ne da aka daddale, kuma mutum yana yawo da guntun ciyawar roba da zai ɗora ƙwallo a kai. Ranar farko duk abin da na buga sai ya tashi kamar zai miƙe, can ya karkace dama ya faɗa ƙaya.

Wani dattijo Ba'adare, mutumin Tahoua, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar jaka a nan, ya bi ni rami uku bai ce uffan ba. A na huɗu ya ce, "Ɗan Kano, wa ka korar ka? Ƙwallon ga ba ta zuwa ko'ina."

Ya je ya dawo da wata sanda da wani Bature ya bar masa. Kamar sauran sanduna take, sai dai a jikinta, sama kaɗan da kai, akwai gaɓa irin ta ƙyaure. Idan ka ja ta baya a hankali, kafaɗa da hannu suna tafiya tare, sai ta zauna a miƙe. Ka fizge ta, ko ka kai sama ka yi hanzarin jefo ta da wuyan hannu, nan take ta naɗe kamar gwiwar raƙumi. Sau goma na gwada, sau goma ta durƙusa.

Na ce, "Baba, anya ba lalacewa ta yi ba?"

Ya karɓa, ya kaɗa ta sau biyu da hannu ɗaya, ko motsi gaɓar ba ta yi ba. "Wagga sanda ba ta son hwaɗa. Ka bari ta tai da kanta."

Shi ya nuna mini inda cutar take. Ina saukowa da kafaɗa kafin ƙugu, sandar ta zo daga waje ta yanki ƙwallon, fuskar kan sandar a buɗe, shi ya sa ƙwallon take murɗawa dama. Ya ara mini sandar, ya ce a gida zan yi da ita. A tsakiyar wasa doka ta hana gwaji da irinta, kuma ko sandunan gaske ba a wuce 14 a jaka.

Sai na ƙara da nawa wayon. Na ji ana cewa sanda mai nauyi tana koya wa jiki jira, na ɗauki wata tsohuwar sandar golf mai lamba 7 na kai wa wani maƙeri a kasuwar Katako, inda ake narka gwangwani a zuba tukwane. Ya ce ɗari biyar, wannan karon na san sefa 2,500 ce, muka daidaita a jikka biyu. Da ya tambayi nauyin da nake so na ce ya cika hannu. Ya kuwa cika: ya yi wa kan waldar notin babbar mota guda uku. Kwana huɗu na yi da ita, wuyan hannuna ya kumbura, ko cokali da ƙyar. Baba ya ɗaga ta ya yi dariya har da tari, ya ce wannan taɓarya ce. Aka cire biyu aka bar ɗaya. Da ɗayan ma ya ce kaɗi goma sha biyar a hankali, sannan in koma sandar gaske kafin hannu ya manta nauyinta. Ni dai a ganina mai gwiwar ta fi amfani nesa ba kusa ba, don mai nauyin ko ka yi kuskure ba ta gaya maka.

Tsakar gidan ta yi mini kaɗan, sau biyu ina dukan igiyar shanya. Dole na fito ƙofar gida bayan la'asar, daidai inda 'yan fada suke. Ranar farko kallo kawai suka yi. Rana ta biyu wani ya fara ƙirga mini da Faransanci duk sanda ta naɗe, sauran suna ihu. Ta uku tela maƙwabcina ya ce in ba shi ya gwada, ya fizga da ƙarfin tsiya, sandar ta durƙusa, shi ma ya kusa binta ƙasa. Aka matsa mini a benci. Shayin fada zagaye uku ne, kuma na farkon ɗaci gare shi kamar maɗaci, sai da na zauna har na uku ranar.

Da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024 na je Kano na kwana goma. Na dawo wa Baba da hula da turare, na kuma miƙa masa sandarsa. Ya sa na buga ƙwallo shida a gabansa. Huɗu sun miƙe, biyu sun nufi ƙaya. Ya juya sandar a hannu, ya duba gaɓar, ya miƙo mini ita.

"Riƙe dai tukuna. Kuma ka ce ma telan ga ya bar ta hakanan, ya sassauta mata noti."