Tarihin Rayuwata (6): Waƙa da Kakkaurar Murya

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a kan shigata waƙa bayan girma ya zo. Yau labari zai ɗan huta, don kuwa da yawanku abu guda suke tambaya: mai kakkaurar murya, ta ina zai fara?

Abin da ke karya wa babba gwiwa tun farko shi ne bin waƙar da ba don muryarsa aka ɗora ta ba. Yawancin waƙoƙin situdiyo da ke yawo a waya can sama ake rera su. Sai ka ga mutum ya ɗaga haɓa, jijiyoyin wuya sun tashi raɗa-raɗa, zakaran wuya ya haura, kafin a gama baiti biyu murya ta dishe, ya ce shi ba shi da murya. Alhali kaurin halitta ne. Tantanin murya biyu da ke maƙogwaron namiji kan kai milimita 17 zuwa 25, kuma iya tsawonsu da kaurinsu, iya saukar sautin. Waƙar ce ya kamata ta sauko ta same ka.

Don haka fara da sanin iyakarka. Samu fiyano ko manhajarsa a waya, taɓa maɓallin C4 da ke tsakiya (kowane maɓalli da sunansa na harafi da lamba, ƙaramar lamba kuwa sautin ƙasa take nufi), ka riƙa sauka maɓalli-maɓalli kana cewa "laa" har inda sautin zai koma gurnani. Sannan ka hau har inda wuya ya fara ɗaurewa. Rubuta biyun. Namiji mai muryar ƙasa sosai yakan zauna tsakanin E2 da E4, mace mai kaurin murya kuma takan soma daga wajen F3. Da wannan takardar za ka je wa makaɗi. Kusan kowane fiyanon situdiyo yana da maɓallin sauke kiɗa gaba ɗaya. A gwada sauke mataki 3 ko 4. Amma a duba ƙasan waƙar ma, don in aka zarce, wurin da ta fi sauka iska zalla za ta fito, makirufo ba zai kama komai ba.

Inda aikin yake shi ne mahaɗar muryar ƙasa da ta sama, wajen B3 zuwa E4 ga yawancin maza masu kauri, inda murya ke tsinkewa ko ta koma ihu. Ƙarfi ba ya tsallakar da mutum nan. Zuba ruwa rabin kofi, tsoma tsinken shan lemo santimita 2 zuwa 3 a ciki, ka hura da sauti, kana hawa kana sauka a hankali, kumfa na tashi daidai wa daida. Minti 5, sau biyu ko uku a rana. Iskar da ruwan ke tokarewa tana rage wa tantanin gugar juna, sai ya koyi sirancewa ba da matsi ba. In kumfar ta fantsamo fuska, iska ta yi yawa. Da ka koma kan waƙa, rage ƙara idan za ka hau, ka ɗan karkata "a" zuwa "o".

Akwai kuma masu danne haɓa a ƙirji wai don muryar ta ƙara kwarjini. Kalmomi ne ke nutsewa, a kasa bambanta ƙ da k. Rufe baki ka yi "mmm" har leɓe da hanci su yi ƙaiƙayi, daga nan ka buɗe da "ma, mi, mu".

Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi. Da hunturu a yawaita shan ruwa, a rage kaki, kuma in murya ta dishe kar a koma raɗa, ita ma gajiyarwa take. Dishewar da ta wuce mako 3, sai a ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga zaman mai muryar ƙasa cikin 'yan amshi.