Kula da ƙwaƙwalwa: daga awon hawan jini na fara

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa, kuma ta jijiyoyin jini duk abincinta ke isa gare ta. Shi ya sa da na tashi kula da ita, ban bi ta kan wasannin kaifafa tunani na waya ba. Na'urar awon hawan jini na fara nema.

Hawan jini ba ya sallama. Shekara da shekaru yana cin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa kafin a ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon mantuwa. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa. Hawan jini na ciki, tare da ciwon suga, shan taba, ƙiba, raunin ji da kaɗaici. Shawararsu ita ce daga shekara 40, lambar sama, cikin lambobi biyun da na'urar awon ke nunawa, kada ta haura 130.

Awon kansa yana da ƙa'ida. Ina zama minti biyar shiru, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. Maɗaurin na'urar da ake naɗawa a damtse a kan fata yake zama, ba a kan riga ba. In ya yi wa damtse kaɗan, lambar za ta fito sama da gaskiya. Haka in ana surutu, ko fitsari ya matsa, ko an harɗe ƙafafu. Ina auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, in rubuta. Takardar nan ce likita zai duba, ba awon rana guda ba. Wanda aka ɗora a kan magani kuma, saukar lambar ba izinin dainawa ba ce, maganin ne ke aiki.

Gishiri, da yake yawansa na ta da hawan jini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci ƙasa da giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a abincin gwangwani da na leda.

Motsa jiki minti 150 ne a mako. Na raba shi rabin awa, kwana biyar. Ma'aunina shi ne numfashi: in iya magana amma ba rera waƙa ba. Mai farawa da gudu a makon farko, gwiwa ce ke zaunar da shi. Minti goma ya isa somawa.

Barci ya fi ba ni aiki. Baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma abin da ya daidaita mini shi ne tsayar da lokacin tashi, har ranar hutu. Rabin sinadarin kofi yana nan a jini bayan kimanin awa biyar, don haka daga tsakar rana nake rufe shansa. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya wayi gari a gajiye, asibiti ya kamata ya je.

Kunne ne aka fi sakaci da shi. Wanda jinsa ya ragu yakan janye daga hira ba tare da ya lura ba, ƙwaƙwalwa ta rasa aikin yi. In ka ga kana yawan cewa "me ka ce?" ko kana ƙure ƙarar rediyo, je a gwada jinka, kuma kada kunya ta hana ka sa na'urar ji.