Lahadi a kan moto: Tirmini da safe, Mirriya da yamma

Yau dai Allah ya yi, na je Tirmini. Na daɗe ina cewa zan je, kullum sai wani abu ya taso, jiya da dare na ce wa ƙanena ya shirya da asuba, ko da hazo ko babu hazo sai mun tafi. Muna idar da sallah na tada moto, muka tsaya wajen ƴan ruwa-ruwa na sha mai, na sa aka duba iskar taya, muka kama hanyar Takeita. Sanyi wlh ba a magana, hannuna har ya ƙage a kan kan moto, shi kuma ya naɗe fuska da rawani ya lafe a bayana.

Gudron ɗin ba laifi, abin tsoro kawai manyan kamiyo, in ɗaya ya taho sai ka sauka gefe ka ba shi wuri don ba ruwansu da mai moto. Tafiyar ba ta da tsawo, kafin rana ta yi zafi mun isa. Kuma abin da ya tsaya min a rai ke nan tun a hanya, wuri kusa haka, a yammacin garinmu, inda aka yi yaƙin da ya ƙwace Damagaram daga hannun masu ita, amma ni da aka haifa a Birni sai yau ƙafata ta taka shi da niyya. Wucewa a mota kam na sha wucewa in za ni Maradi.

Mun tsaya wajen mai shayi muka yi tambaya, aka haɗa mu da wani dattijo yana zaune kan tabarma yana shan hantsi. Muka durƙusa muka gaishe shi, na ce Baba daga Damagaram muke, mun zo ganin inda aka yi yaƙi da Nasara. Ya dube mu ya ce ƴaƴana ku ɗalibai ne? Na ce a'a Baba, son sani ne kawai. Daɗin da ya ji bai ɓoyu ba, nan take ya kira jikansa ya ce ya hau ya nuna mana hanya.

Daga nan muka bar gudron muka shiga rairayi, mu uku a kan moto, to a nan ake gane direba. Na rage iskar taya kaɗan, na bar ta a giya ta biyu, ƙafafu a ƙasa, in ka taka birkin gaba a cikin yashi ka sha ƙasa. Mota ba za ta shiga wannan ƴar turbar ba sai dai amalanke, shi ya sa nake son moto a irin wannan yawo, duk inda jaki ya bi za ta bi. An gama girbi, gonaki sun yi fayau, sai karan hatsi a tsaye da rumbuna cike da damma, awaki suna kiwo a ƙarƙashin gawo.

Yaron ya tsaida mu a wani fili ya ce nan kakansa yake nuna musu. Na kashe moto. Gona ce, gona kamar kowace gona, ƙarangiya ta cika mana wando. Na tsaya ina tuna abin da na sani. A watan Mayu 1898 aka kashe wani hafsan sojan Faransa, kyaftin Kazamaju, a Damagaram zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara na zagayowa sai ga rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi biyu, Vule da Shanwan, ta taso daga yamma tana ƙone garuruwa, ita ce ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni, ita ce ta kara da Sarauniya Mangu a Lugu. Vule da Shanwan ɗin sojojinsu ne suka kashe su a wajen Maijirgi a watan Yuli 1899, amma sauran rundunar ba ta koma ba, ta ci gaba da tahowa gabas, a ƙarshen wannan watan ta iso Tirmini. Kuran Daga bai zauna a cikin ganuwa yana jira ba, fitowa ya yi da dawakai ya tare su a nan. Kuma ba ƙaramin sarki ba ne fa, mutumin da ya kai yaƙi har ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, ya gaji daular da Sarki Tanimun ya gina, da ganuwarta da bindigoginta har da igwa da ake ƙerawa a cikin gari. Amma bindigar Nasara ta fi tamu nisa da sauri, doki kafin ya isa an harbe shi. Aka ci Damagaram, Kuran Daga kuma aka bi shi aka kashe shi a Rumji a watan Satumba na shekarar.

Ƙanena ya ce duk an koya musu wannan a lakkwal, ya ma rubuta shi a jarabawa, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa Tirminin littafi ita ce wannan da ake sayen rake a tasharta ba. Abin ya dame ni sosai. Yaro ya haddace shekara da Faransanci ya ci maki, wurin kuwa yana nan kusa da gidansu, kuɗin mai bai taka kara ya karya ba, ba wanda ya taɓa kai shi. Mun yi wa waɗanda suka kwanta a wurin addu'a, Allah ya jiƙansu, mutane ne da suka fito kare garinsu.

Da muka koma wajen Baba ya sa aka kawo mana fura, ya daɗe yana ba mu labarin da ya ji daga bakin nasa kakannin, yana lissafo unguwanni da rijiyoyi da zuri'ar wane da wane. Na so in ɗauka a waya amma na ga bai dace daga zuwan farko in tura wa dattijo waya a baki ba, sai na roƙe shi izini in na dawo. Ya ce ƙofa a buɗe take. Na ba shi goro muka yi sallama.

A hanyar dawowa ƙaya ta huda tayar baya, muka tura har wajen mai faci, nan muka yi azahar. Mun ratsa gari ba mu tsaya gida ba muka miƙe gabas zuwa Mirriya tunda yau kasuwarta ke ci. Mun tarar ta fara watsewa, duk da haka layin masu tukwane na nan, randuna da tuluna jajaye a jere, na saya wa Inna tulu ɗaya, ƙanena ya rungume shi har gida yana ta faɗa min in bi a hankali. Mirriya ma tsohuwar masarauta ce ta Sosebaki tun kafin Damagaram ta haɗiye ta, mun wuce ta ƙofar fada mun gani daga waje kawai, rana ta riga ta yi ƙasa kuma ba na son tuƙin dare a wannan hanya. Ita sai an ware mata yini guda.

Yanzu bayana ciwo yake, idona cike da ƙura. Na yi magana da wani abokina malamin makaranta, mun shirya in an yi hutu za mu nemi izinin iyaye mu ɗauki ƴan ajinsa kaɗan mu kai su wajen Baba su ji da kunnensu, ni kuma in tafi da waya cike da caji. Gobe da safe zan kai moto a canza mata baƙin mai a wanke mata yashin da ta sha.